Gwanayen da Aikinsu Ya Rage, Sunansu Ya Ɓata

   

Sharhinmu na yau a kan gwanaye ne. Gwanayen da aikinsu ya rage a duniya, amma sunansu ya ɓata. Zan fara da wani mai zane na ƙasar Jamus. Daga nan mu dawo gida, mu shiga lungunan Tudun Wada ta Zariya, mu leƙa zaurukan malamai. Magana ɗaya nake so ku riƙe mini har ƙarshe. Kowane zane akwai mai shi, kuma neman sunansa haƙƙi ne a kanmu.

To, mu fara da Jamus.

A bakin kogin Rayin akwai wani tsohon birni da ake kira Kolon. Sama da shekara 500 da suka wuce, an yi wani mai zane a can. Zamanin ne da Turawa suke kira ƙarshen Gotik, zamanin manyan majami'u masu tsinin kai da dogayen tagogi. Aikin mutumin nan iri biyu ne. Yana zana manyan alluna na katako, waɗanda ake kafawa a kan bagadi a cikin majami'a. Yana kuma ƙawata littattafan addu'a da ƙananan hotuna, waɗanda tafin hannu zai rufe.

Aikinsa mafi tsufa da aka gane yana cikin littafin addu'o'in wata mata mai suna Sofiya van Bylant. Littafin yana ɗauke da shekarar 1475. Aikinsa mafi shahara kuwa wani babban allo ne da ya yi wa wata majami'a a Kolon, wajen shekarar 1500. A tsakiyar allon akwai hoton Bartalamawas, ɗaya daga cikin almajiran Annabi Isa goma sha biyu. Yau allon yana gidan adana zane na birnin Munik. Wasu ayyukansa suna Landan, wasu suna Faris.

Sai dai bai sa hannu a ko ɗaya ba. Ba a sami takardar da ta haɗa sunan wani mutum da waɗannan ayyuka ba. Sunansa ya tafi.

Me Jamusawa suka yi? Ba su ce shi ke nan ba. Sai suka raɗa masa laƙabi daga aikinsa, suka ce Gwanin Allon Bartalamawas. Suka bi majami'u da gidajen attajirai suna neman hannunsa. A shekarar 2001 suka tara ayyukansa a Kolon, suka yi baje koli na musamman. Taken da suka ba taron yana nufin gwani marar suna.

Wani zai tambaya, ta yaya ake gane hannun mutumin da ba a san sunansa ba? Wani likita ɗan Italiya, Giovanni Morelli, wanda ya rasu a 1891, ya ba da dabara. A ganinsa, kada a tsaya kan babban abin da ke cikin hoto. A duba ƙananan wurare, yadda mai zane yake yin kunne, da yatsa, da farce. A nan mutum yake sakin hannunsa, ya yi abin da ya saba ba tare da tunani ba. Bayan shi aka ƙara da wasu dabaru. Ana ƙirga zoben da ke jikin katako a san lokacin da aka sare itacen. Ana haska allon da na'ura a ga zanen farko da ke ƙarƙashin fenti.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. Kana kwance da asuba, cikin duhu, ka ji kiran salla. Ba ka ga kowa ba, amma ka san ladanin unguwarku ne, ka san kuma in wani ne ya karɓe shi yau. Haka hannu yake. Wanda ya saba da shi ba ya ɓace masa.

Yanzu mu dawo gida.

Tudun Wada ba tsohuwar unguwa ba ce in aka gwada ta da Birnin Zariya. A zamanin Turawa ta kafu, a wajen ganuwa, tsakanin Birni da Sabon Gari. An keɓe ta ne ga 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin cikin Birni ba. Jirgin ƙasa ya iso Zariya, ciniki ya buɗe. Auduga da gyaɗa suka kawo kuɗi. Fatake suka zauna, 'yan kwangila suka zauna, ma'aikata da malamai suka zauna.

A da, ado a jikin gini na sarakuna ne da manyan masu sarauta. Mafi yawansa ma a cikin ɗaki yake, inda baƙo na musamman kaɗai zai gani. Da kuɗi ya shiga hannun 'yan kasuwa, sai adon ya fito waje. Mutum ya sami buɗi, ya kira magini, ya ce a yi mini zane a fuskar soro. Tudun Wada ta yi suna a kan wannan. Ta yi suna ƙwarai.

Dattawa masu sauraro sun san abin da nake nufi. Ka tsaya a ƙofar gida ka ɗaga kai. Ga zankwaye a sama. Ga indararo. Ga dagi a kan ƙofa, ya shiga nan ya fita can, ba ka ganin farkonsa balle ƙarshensa. Ga takobi, ga allo. Sannan ga abin da ya zo da zamani. Ga keke, ga mota, ga agogo, ga jirgin sama. Maginin Tudun Wada bai ji tsoron sabon abu ba. Abin da ya gani a titi, shi ya ɗora a bango, ya zaunar da shi kusa da dagi, suka dace.

Bari mu ɗan daɗe a nan, domin aikin ya cancanci a bayyana shi.

Kafin zane akwai gini. Za a haƙo ƙasa, a jiƙa, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa. A mulmula tubali da hannu, a shanya. A ɗora bango. A kawo azara ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a yi rufi. Sai a zo yaɓe. A nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo. Tun yaɓen yana da danshi zai ja layi da yatsa ko da ɗan ƙarfe. Ba takarda a hannunsa. Ba ma'auni sai ido da taƙi da kamu. Sai ya riƙa ɗora ƙasa a kan layin, yana shafawa, har zanen ya taso ya yi tudu. Rana ta fito, inuwa ta faɗa a kwarin zanen, bango ya yi kamar yana motsi.

Don kada ruwa ya cinye shi, sai a shafa makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Mai hali ya sa laso, wanda ake haɗawa da katsi daga marina. Da siminti ya zo, magina suka sake dabara. Suka riƙa kankare zane a jikin ɗanyen siminti, sannan su bi da fenti, shuɗi da kore da ja da rawaya.

Ku lura da kyau. Wanda ya yi wannan yana tsaye ne a kan tsani, cikin rana, ƙasa tana bushewa a hannunsa. In ya yi jinkiri, ta ƙi. In ya yi kuskure a gefe ɗaya na dagi, ɗaya gefen ba zai haɗu ba. Duk lissafin yana kansa. Wannan ilimi ne, kuma ilimi mai zurfi.

To ina sunayensu?

Ka tambayi yaro a unguwa, gidan wa ye wannan? Nan take zai ce gidan Alhaji wane. Ka ce wa ya yi zanen? Sai ya yi shiru. Sau da yawa babansa ma shirun zai yi. Sunan wanda ya biya kuɗi ya zauna. Sunan wanda ya hau tsani ya tafi. Alhali kowane zane akwai mai shi.

Abin da ya ƙara mini nauyin wannan magana shi ne kusanci. A Samaru, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ɗalibai sun kafa ƙungiyar masu zane a 1958. Cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Duniya ta san su, kuma sun cancanta. Kiransu shi ne a koma ga fasahar gida. A daidai wannan lokaci, 'yan kilomitoci kaɗan daga ajinsu, maginan Tudun Wada suna kan tsani suna yin fasahar gidan da ake magana. Waɗancan suna sa hannu a ƙasan aikinsu. Waɗannan ba al'adarsu ba ce. Bambancin ke nan, ba bambancin baiwa ba.

Adalci ne in faɗi cewa wasu sun yi ƙoƙari. Anthony Kirk-Greene, wanda ya koyar a makarantar horon ma'aikata ta Kongo a Zariya, ya fitar da ɗan littafi a 1963 kan gidajen Zariya masu ado. Bajamushe Friedrich Schwerdtfeger ya yi shekaru yana nazarin gidajen garin nan da maginansu, ya wallafa babban littafi a 2007. Ɗan ƙasarmu Hamman Tukur Sa'ad ya zauna da magina, ya saurare su, ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan yadda suke auna kyan gini. Allah ya saka musu. Amma da Turanci suka rubuta, kuma a ɗakunan karatu littattafan suke. Jikan maginin da ke Tudun Wada bai taɓa ganinsu ba. Wannan gibi namu ne, mu ya kamata mu cike shi.

Kafin mu bar maganar gini, mu leƙa Wusasa. Akwai tsohuwar majami'a a can, wadda aka gina a 1929. Sunanta majami'ar Bartalamawas, sunan da aka laƙaba wa gwanin Kolon. Ginin ƙasa ne, irin namu, da baka da azara. Duk mai ba da tarihin Wusasa zai ambaci Turawan mishan, zai ambaci Likita Mila. Ina roƙon 'yan'uwanmu na Wusasa, in ana wannan tarihi, a riƙa haɗawa da maginan da suka ɗaure bakan. Su ma suna da rabo a ciki.

Yanzu mu juya ga ɓangare na biyu. Mu bar bango, mu shiga zaure.

Na ce gwanin Kolon yana ƙawata littattafan addu'a. Mu ma muna da masu wannan aiki. Su ne masu zayyana. Bambancin shi ne namu ba sa zana mutum ko dabba a littafin Allah. Sai suka zuba basirarsu a layi, da da'ira, da saƙa, da launi.

Ɗauki Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda alaramma yake rubutawa da ka, a ruwayar Warshu. Baƙaƙen da tawada mai duhu. Wasullan da ja. Hamza ɗigon rawaya. A gefen shafi ga alamar sumuni, ga rubu'i, ga nisfi, ga hizbi, ga wurin sujada. Kowace alama ƙaramar zayyana ce. Hizbi sittin ne, amma gwani zai iya yi wa kowanne da'irarsa daban, ba maimaici. Sannan ga manyan zayyanoni a Fatiha da farkon Baƙara, da inda kowane kashi huɗu yake farawa, wato A'arafi, da Maryam, da Sad. A nan mai zayyana yake nuna iyakar abin da Allah ya ba shi.

Kayan aikin ma suna da labari. Alƙalami na gamba ko na kara, shi ya feƙe abinsa. Tawadar allo ta gawayi ce da ƙaro, don ta wanku. Ta takarda kuwa ana haɗa ta da bagaruwa da kashin maƙera, don ta zauna. Takardar da kakanninmu suka fi rubutu a kai daga Italiya take, mai alamar jinjirin wata uku. Ka ɗaga ta a haske, za ka gansu. Ta ƙetare teku zuwa Tarabulus, ta hau raƙumi ta ratsa Sahara, ta sauka Kano, ta iso Zazzau. Kun ga ashe tun can akwai hanya tsakanin teburin mai zanen Turai da buzun malaminmu.

Ga kuma allon zayyana. Yaro ya yi sauka. Aka rubuta masa Fatiha da farkon Baƙara a sabon allo, aka kewaye da ado. Ya sha sababbin kaya, ya riƙe allonsa, aka zaga da shi gidajen dangi. Ranar ba ta mantuwa. Ana tuna malamin da ya sauke shi. Ana tuna wanda ya yanka rago. Wanda ya kwana yana zayyana allon fa? Da wuya a tuna shi.

Me ya sa sunayen suke ɓacewa? Akwai dalili na zahiri, kuma ya kamata a san shi. Littattafanmu na da ba a ɗinke su. Warƙa-warƙa suke, a cikin tadarishi, a cikin gafaka. Marubuci in zai sa sunansa, a shafin ƙarshe yake sawa, tare da roƙon addu'a. To shafin farko da na ƙarshe su suka fi shan hannu. Su ne gara take fara ci, su ne danshi yake fara kamawa, su ne suke fara faɗuwa. Littafi ya rage, shafin suna ya tafi. Wani lokaci kuma mai rubutu daban, mai zayyana daban, sai a ambaci na farko a bar na biyu.

Akwai kuma dalili na zuciya. Nan ne nake so mu yi hattara.

Wani dattijo zai ce mini, malam, ai da gangan suka ɓoye. Don Allah suka yi. Suna gudun riya. Kai kuma ka zo za ka tona abin da suka rufe. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ina girmama ta. Na yarda akwai waɗanda suka ɓoye kansu don tsoron Allah. Wannan daraja ce babba.

Amma ga abin da nake gani. Riya tana zuciyar mai aiki ne, lokacin da yake aikin. Wanda ya riga mu gidan gaskiya ya wuce wannan jarrabawa. Abin da ya rage a wuyanmu shi ne godiya da addu'a. Addu'a kuwa ta fi daɗi in ka kira sunan mutum. Sannan mu al'umma ce mai kiyaye silsila. Malami yana faɗin wanda ya karantar da shi, da wanda ya karantar da wancan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki ilimi a wurinsu. Ba wanda ya ce riya ce. In mun kiyaye silsilar masu karantarwa, me zai hana mu kiyaye ta masu zayyana da magina?

Akwai wani abu kuma da ba mu cika son faɗa ba. Wasu sunayen ba tawali'u ne ya ɓoye su ba, raini ne. An ɗauki mai sana'ar hannu ƙaramin mutum. An ce ai magini ne kawai, mai kwaɓa ƙasa. Wasu daga cikin masu aikin ma bayi ne, waɗanda ba a ƙirga su cikin masu suna. Mata kuwa ba a ma fara maganarsu ba. Wa ya san sunan wadda ta saƙa faifan da aka gada, ko ta ƙawata bangon ɗakin amarya? Wannan shiru ba na ibada ba ne. Gyara yake so.

To, shin suna yana iya tsira? Yana iyawa. Hujjarmu tana cikin Birni.

Babban Masallacin Juma'a na Zariya an gina shi a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846. Wanda ya gina shi mun san shi. Malam Mika'ilu, wanda ake kira Muhammadu Durugu, Babban Gwani. Masana gini daga ƙasashe da yawa sun zo sun auna bakunan da ya ɗaure, sun yi mamaki. An kwaikwayi masallacin a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Har labarai ake bayarwa a kansa, ana cewa da dare yake gini.

Me ya tsirar da sunansa? An ba shi laƙabi na girma. Ya bar zuriya masu riƙe da sana'a. Akwai unguwa a Birni mai ɗauke da sunansa har yau. Wato mutane ne suka riƙe shi a bakinsu, suna miƙa wa na baya. Ba wani sirri a ciki. Abin da aka yi wa Babban Gwani ana iya yi wa ƙananan gwanaye.

Kuma lokaci ba ya jira. Ranar Juma'a, 11 ga Agustan 2023, ana sallar La'asar, wani sashe na wannan masallaci ya rufto. An rasa rayuka. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. Ranar ta girgiza Zazzau. Ta kuma tuna mana cewa ginin ƙasa yana son kulawa kullum. In masallacin da ke ƙofar fada ya iya kaiwa ga haka, ina ga ɗan soron da ke lungu?

Kowace damina sai wani bango ya zube. An yi rabon gado, magada suka sayar, sabon mai gida ya rushe ya yi shaguna. An faɗaɗa titi, fuskar gida ta tafi. Wani kuma da kyakkyawar niyya ya shafe tsohon zane da siminti, ya manna tayil. Ba na zargin kowa. Mutum yana da iko da gidansa, kuma gyaran ginin ƙasa yana cin kuɗi. Abin da nake cewa shi ne, kafin a sa diga, a tsaya na minti biyar.

A nan ne muka fi Jamusawa sa'a, in mun gane. Su shekara 500 ta raba su da gwaninsu. Ba wanda za su tambaya, sai katako da na'ura. Mu kuwa masu zanen Tudun Wada ba su yi nisa ba. Akwai dattawa da ransu waɗanda suka gan su a kan tsani. Akwai waɗanda suka miƙa musu ƙasa suna yara. Akwai tsofaffin mata da suka dafa musu abinci. Amsar tana nan a zaure, tana kan dakali, tana cikin ɗakin kaka. Tambaya kawai take jira.

Saboda haka ga roƙona, kuma ba mai tsada ba ne.

Kai saurayi mai waya a hannu, in akwai tsohon zane a layinku, ɗauki hotonsa. Ɗauki duka fuskar gidan, sannan ka matsa kusa ka ɗauki ƙananan wuraren, inda hannun gwani yake bayyana. Ka nemi izinin masu gida tukuna. Sai ka sami dattijo, ka durƙusa ka gaishe shi. Ka ce, Baba, wa ya yi wannan aiki? Ɗan wace unguwa ne? A wurin wa ya koya? In bai tuna shekara ba, tambaye shi zamanin wane sarki. Zamanin Ja'afaru ne, ko Muhammadu Aminu, ko farkon Shehu Idris? Da wannan kaɗai an sami lokaci. Ka rubuta, da boko ko da ajami.

Ke 'yar'uwa, tambayi Inna ko Goggo. Sau da yawa abin da maza suka manta yana wurin mata.

Ku malamai da magadan malamai, ku buɗe gafakar nan. Ku duba shafin ƙarshe tun yana nan. In akwai suna, ku kwafe shi a wata takarda, ku sa a ciki. In kun san wanda ya yi zayyanar ta bakin iyaye, ku rubuta. Ku nisanta littafin da danshi da gara. Kada ku yarda a raba warƙoƙinsa a sayar ɗaya-ɗaya. Mai neman shawara kan adanawa, akwai sashen binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai Gidan Arewa a Kaduna.

In an yi tambaya har an gaji ba a sami suna ba, kada a watsar. A yi abin da mutanen Kolon suka yi. A ba shi laƙabi daga aikinsa, a bi sauran gidaje a ga ko za a gane hannunsa. Ɗalibanmu na sashen zane da na tsara gine-gine a Samaru, ga aikin bincike a ƙofar gida.

Ku kuma gwanayen yau, masu zayyana da magina da masu ɗinkin aska takwas, ina da magana da ku. Ku sa suna. A bayan allo, a gefen bango, a cikin wuyan riga. Suna da shekara, da sunan wanda ya koya muku. Wannan ba alfahari ba ne. Sauƙi ne kuke yi wa jikokinku, kuma hanya ce da yaro zai ga sana'ar tana da daraja har ya so ya gaje ta. Mai ba da aiki shi ma ya taimaka. In baƙo ya yaba, ka ce wane ne ya yi mini.

Jama'a masu sauraro, lokacinmu ya yi. Kowane zane akwai mai shi. Cikin makon nan, kowa ya nemo mana suna ɗaya. Guda ɗaya tak. Ka faɗa wa 'ya'yanka, ka rubuta, ka sa shi a addu'a. Allah ya jiƙan magabatanmu, waɗanda muka san sunansu da waɗanda muke nema. Allah ya sa albarka a hannun masu sana'a.